Kwandalolin Tsibiran da Ba Kowa a Cikinsu: Tambayoyi da Amsoshi

Masu yawan leƙa shagunan intanet a nan Zariya, ɗalibai da 'yan kasuwa, sun fara cin karo da wasu kwandaloli masu ƙyalli ɗauke da sunayen wuraren da ko a darasin labarin ƙasa ba a cika ambata ba: Bouvet, Clipperton, Heard, Kerguelen, Antatika. A fuska ɗaya hoton tsuntsu ko jirgin ruwa, a ɗaya fuskar tambari da adadi, dala biyar ko faran goma. Wasu tsaraba aka kawo musu, wasu kuwa talla suka gani ana cewa jari ne. Da yake an san ina tara tsoffin sulalla, ni ake kawo wa tambayoyin. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Wace irin kwandala ce wannan, kuma kuɗin wace ƙasa ce?

Ba kuɗin kowace ƙasa ba ce. Wani kamfani ne, ko ma mutum ɗaya, zai zaɓi sunan tsibirin da ba mai zama a kai, ya sa a zana masa tambari, ya kai wa masana'antar da ke buga lambobin yabo da makamantansu, a buga masa ɗaruruwa ko dubbai, ya sa a kasuwa. Aikin bugun iri ɗaya ne da na kuɗin gaskiya: a sassaƙa zanen a jikin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, a sa faifan ƙarfe a tsakaninsu, inji ya matse. Shi ya sa ido ba ya raba su, wani lokaci ma ta ƙagen ta fi ta gwamnati kyau. Abin da ta rasa shi ne hukuma. Babu babban bankin da ya tsaya mata, babu dokar da ta ce a karɓe ta a ciniki. Adadin da ke jikinta ado ne, daidai yake da hoton tsuntsun da ke ɗaya gefen.

Su wuraren fa, akwai su da gaske?

Akwai su, kuma a wurina nan ne daɗin abin yake.

Bouvet tsibirin ƙasar Norwe ne a can ƙarshen kudancin Tekun Atlantika. Wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Bouvet de Lozier, shi ya fara hango shi ranar 1 ga Janairun 1739, amma ya rubuta wurin ba daidai ba, har waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta nema ba su gani ba. 'Yan Norwe suka sauka a kai a 1927 suka kafa tuta, ya zama ƙarƙashinsu a hukumance a 1930. Faɗinsa murabba'in kilomita 49 ne, fiye da kashi 90 cikin ɗari ƙanƙara ce ta lulluɓe. Ƙasa mafi kusa da shi gaɓar Antatika ce, wajen kilomita 1,700, kusan a ce ka je Legas daga Zariya ka dawo. Har sunan yanki na intanet an ware masa, .bv, wanda ba a buɗe wa kowa ba.

Heard da McDonald na Ostareliya ne tun 1947, tafiyar kilomita 4,000 da wani abu daga birnin Perth. A kan Heard akwai dutse mai aman wuta da ƙololuwarsa ta kai mita 2,745. Mutane da yawa a nan sun fara jin sunan ne a Afrilun 2025, da gwamnatin Amurka ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da ta ɗora wa harajin kashi 10 cikin ɗari, duniya ta yi ta raha cewa tsuntsayen fengwin aka ɗora wa haraji.

Clipperton kuwa labarinsa ba na dariya ba ne. Ɗan zoben tsibiri ne a Tekun Fasifik, sama da kilomita 1,000 daga gaɓar Meziko. An taɓa haƙar kashin tsuntsaye a can don yin taki, Meziko ta ajiye sojoji da iyalansu, mutum wajen ɗari a 1914. Da juyin juya hali ya rikita Meziko, jirgin da ke kai musu abinci ya daina zuwa. Cuta da yunwa suka cinye yawancin mazan, sai a 1917 wani jirgin yaƙin Amurka ya kwashe matan da yaran da suka rage. A 1931 Sarkin Italiya, Victor Emmanuel na Uku, wanda aka ba sasanci tsakanin Meziko da Faransa, ya yanke cewa na Faransa ne. Mai riƙe da kwandalar Clipperton mai hoton kaguwa ko tsuntsu sau da yawa bai san wannan ba.

Kerguelen ita ma ta Faransa ce, a kudancin Tekun Indiya, an gano ta a 1772. Babu ɗan asalin wurin, sai masu bincike da ma'aikata da ke zuwa su yi wa'adinsu a sansanin Port-aux-Français su koma.

Me ƙasashe ke ci da waɗannan duwatsu har suke riƙe da su?

Teku. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasa ikon kifi da ma'adinan da ke cikin mil 200 na ruwa daga gaɓarta. Ɗan tsibiri kan janyo wa mai shi yankin ruwan da ya ninka shi sau dubbai, kuma irin waɗannan tsibirai ne suka sa Faransa ta shiga sahun gaba a duniya wajen faɗin yankin teku. Tun kafin haka ma akwai kwaɗayin taki: a 1856 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta damar kama duk tsibirin da ba mai shi in akwai kashin tsuntsaye a kai, ta nan ta samu irin su Baker da Howland da Jarvis. Saboda haka kusan duk wurin da aka ce ba kowa, yana da mai shi. Mai shi ɗin ne bai buga kwandalar ba.

Ke nan duk kwandala mai sunan wurin da ba mutane ƙage ce?

A'a, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai yankunan Birtaniya da ba su da mazauna na dindindin amma suna da gwamnati a takarda, kuma gwamnatin kan ba da izini a buga kwandalolin tunawa da sunanta. Jojiya ta Kudu da tsibiran Sandwich na Kudu misali ne. Kwamishinansu shi ne gwamnan tsibiran Falkland, yana zaune a Stanley, a tsibirin kuwa sai jami'ai da masu bincike kusa da tsohuwar tashar Grytviken, inda aka binne Ernest Shackleton a 1922. Yankin Birtaniya na Antatika ma ya fara fitar da nasa a 2008. Kamfanin Pobjoy Mint na Ingila, wanda ya rufe a ƙarshen 2023, shi ya daɗe yana buga musu. Irin waɗannan suna ɗauke da kan sarauniya ko sarkin Ingila da izini, kuma a doka kuɗi ne a yankin da aka ambata. Sai dai don masu tarawa aka yi su, ana sayar da su sama da abin da aka rubuta a jiki, kuɗin da aka samu ya shiga asusun yankin.

Don haka kashi uku ne. Akwai kuɗin da ake ciniki da shi, akwai na hukuma da aka buga don ajiya, akwai na ƙage da babu hukuma a bayansa. Na biyu da na uku ne suka yi kama, kuma mai talla yakan so ka ɗauki na uku a matsayin na biyu.

Wani abu da nake so a lura da shi a kan na hukumar: akwai kwandaloli da sunan Yankin Birtaniya na Tekun Indiya, wato tsibiran Chagos. Ana lissafa wurin cikin marasa mazauna, amma da mutanensa. Kwashe su aka yi tsakanin 1968 da 1973 don a kafa sansanin sojan Amurka a Diego Garcia, kuma a 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayi cewa Birtaniya ta bar tsibiran. Ni dai in na riƙe irin wannan, ba na jin daɗinta yadda nake jin ta Bouvet, inda ba a kori kowa ba.

Me ya sa masu bugawa suka fi son wuraren da ba kowa?

Dalili biyu. Na farko kasuwa ce. Akwai masu tarawa a Turai da Amurka da Asiya da burinsu shi ne su samu kwandala ɗaya daga kowace ƙasa da kowane yanki na duniya. Sun cika gurbin Najeriya da Nijar da Faransa, sai a iso Bouvet a ga rami. Mai bugawa wannan ramin yake cikewa.

Na biyu, babu mai kai ƙara. Inda akwai mutane da ciniki, hukuma ba ta wasa. A 1929 wani attajiri, Martin Coles Harman, mai tsibirin Lundy da ke gaɓar Devon a Ingila, ya buga kwandaloli da hoton kansa a jiki ya sa musu sunan wani tsuntsun teku, ya ce a riƙa ciniki da su a tsibirinsa. Aka gurfanar da shi a 1930 a ƙarƙashin dokar buga kuɗi ta 1870, aka ci shi tarar fam biyar da kuɗin shari'a, ya ɗaukaka ƙara ya faɗi. Da a ce tsibirin ba kowa, babu kanti, babu mai karɓar canji, da wuya maganar ta kai kotu. Masu bugawa na yau sun gane wannan. Su kan kuma kauce wa kwaikwayon ainihin kuɗin ƙasar da ke da tsibirin, shi ya sa za ka ga dala a kan kwandalar Bouvet alhali Norwe kurona take kashewa.

Na ga wata an rubuta sunan jamhuriya ko masarauta a kai. Akwai wanda ya taɓa kafa ƙasa a irin wuraren nan?

An sha gwadawa. A farkon shekarun 1970 wani attajirin Las Vegas, Michael Oliver, ya sa aka yi ta jigilar yashi ana zubawa a kan wasu duwatsun cikin ruwa da ake kira Minerva, kudu da Tonga, don su ɗago sama da teku. A Janairun 1972 aka shelanta Jamhuriyar Minerva. Kafin shekara ta raba, Sarkin Tonga, Taufa'ahau Tupou na Huɗu, ya taso da mutanensa ya kafa tutar ƙasarsa. Jamhuriya ta mutu, amma kwandalarta ta dala 35 mai shekarar 1973, azurfa da ɗan zinare a jiki, tana nan ana saye da sayarwa. Irin wannan tana da daraja a wurin masu tarawa saboda akwai abin da ya faru a bayanta.

Antatika kuwa ƙasashe bakwai ne ke iƙirarin yankuna a cikinta: Ajantina, Ostareliya, Birtaniya, Cile, Faransa, Niyu Zilan da Norwe. Yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a Washinton a 1959 ta daskarar da duk iƙirarin, ta hana sabo. Wani ƙaton yanki, Marie Byrd, ya rage ba mai iƙirari, sai wani Ba'amurke, Travis McHenry, ya ce nasa ne a 2001, ya raɗa masa Westarctica, aka buga kwandaloli da sunan. Akwai ma takardun da ake kira dalar Antatika da wani kamfani ya fara bugawa a 1996. Babu ƙasar da ta amince da ko ɗaya.

Mafi kusa da mu shi ne Bir Tawil, fili mai murabba'in kilomita 2,060 tsakanin Masar da Sudan. Turawan Ingila sun ja iyaka biyu, ta 1899 da ta 1902. Duk ƙasar da ta karɓi Bir Tawil ta amince ke nan da iyakar da za ta raba ta da Halayib, wadda ta fi girma kuma tana bakin teku, don haka kowa ya ƙi. A 2014 wani Ba'amurke, Jeremiah Heaton, ya je ya kafa tuta ya ce masarautarsa ce. Makiyayan Ababda da Bishari da ke ratsa wurin da dabbobinsu tun kaka da kakanni ba wanda ya tambaye su.

Banki ko 'yan canji za su karɓa?

Ba za su karɓa ba, ko a Sabon Gari ko a Wapa ta Kano. 'Yan canji ko ainihin sulallan dala da fam ba sa so, balle wannan.

To ba jabun kuɗi ba ne? Kada mutum ya shiga hannu.

Jabu shi ne a kwaikwayi kuɗin da ke akwai don a yaudari mai karɓa. Wannan kuwa ba ta kwaikwayi komai ba, tunda Bouvet ba ta taɓa yin kuɗi ba. Ajiye ta a gida ajiye kayan ado ne. Laifi na shigowa ne ta ƙofa biyu. Ɗaya, ka sayar wa wani da sunan kuɗin wata ƙasa ne da zai canza, wannan damfara ce. Biyu, wani ya ga abin ya burge shi ya ce zai buga tasa mai kama da naira. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta keɓe wa bankin shi kaɗai ikon fitar da kuɗi a ƙasar nan, kuma jabun naira ɗauri ne. Mai son buga abin tunawa na ƙungiya ko makaranta ya yi shi a matsayin lambar yabo, kada ya sa naira ko kwabo a jiki.

An ce mini azurfa ce zalla. Yaya zan tabbatar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani, domin in an cire labarin tsibiri, ƙarfen ne kaɗai abin da zai riƙe darajarsa. Mafi yawan waɗannan kwandaloli tagulla ce da nikel, ko baƙin ƙarfe ko zinki da aka yi wa ruwan azurfa ko ruwan gwal. Na azurfar gaske akwai su, sukan rubuta .999 ko .925 da nauyi, sau da yawa oza ɗaya, wato giram 31.1. Amma rubutu ba hujja ba ne, wanda ya ƙagi ƙasa ba zai ji nauyin ƙagar lamba ba.

Fara da maganaɗisu. Azurfa da zinare ba sa kamawa, in ta manne magana ta ƙare. In ba ta manne ba, ba a gama ba, don tagulla ma ba ta kamawa. Sai awo. Nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, ka auna ta a bushe. Sannan ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ka mai da shi sifili, ka ɗaure kwandalar da zare ka nitsar da ita cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka karanta abin da ya nuna. Raba nauyin farko da na biyu. Azurfa za ta ba ka wajen 10.5, tagulla ko tagulla da nikel wajen 8.9, zinki wajen 7, zinare wajen 19.3.

Maƙeran fari na cikin birni kuwa ba sa jiran lissafi. Na taɓa ganin wani saurayi ya kawo wa wani dattijon maƙeri irin wannan, mai hoton fengwin, cikin ɗan akwatinta mai shimfiɗar shuɗin ƙyalle. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a duba mini wannan, an ce azurfa ce." Dattijon ya ɗora ta a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa da wata tsohuwar sule, ya kasa kunne. Azurfa amonta dogo ne, siriri, wannan kuwa ta yi ƙas ta yi shiru. Ya juya bakinta zuwa haske, ya nuna masa inda farin ya ɗan goge, ja ya leƙo. Ya ce, "Ɗana, wanka aka yi mata. Tana da kyau, ka ajiye abinka, amma kada ka ce wa kowa azurfa ce." Sai dai ka sani maƙeri kan so ya goga gefen a dutse ko ya ɗiga ruwan gwaji, kuma wannan na ɓata fuskar kwandala. In kana son ta a yadda take, ka faɗa masa tun farko.

Mai talla ya ce guda 500 kawai aka buga, nan gaba za ta yi tsada. Jari ce?

Ba na ba kowa shawarar ya sa kuɗin da yake bukata a ciki. Ƙarancin abu ba ya sa shi tsada sai in akwai masu nema, kuma wanda ya ce 500 ya buga shi ne ke riƙe da hatimin. Ba mai binciken sa. In sun ƙare zai iya ƙarawa, ko ya canza shekara ko launin ƙarfe ya ce sabon fitowa ne. 'Yar takardar shaida mai lamba da ke zuwa cikin akwatin, shi ya buga ta.

Sannan ka tambayi kanka wa za ka sayar wa. A Zariya ba kasuwar masu tara irin wannan. In ka ce za ka mayar waje, kuɗin aikawa da kamashon shafin sayarwa sun cinye ribar tun kafin a fara. Waɗanda suka yi daraja cikinsu, irin na Lundy da Minerva, tsofaffi ne masu tarihi a rubuce, ba waɗanda aka buga bara don kasuwa ba. Mai neman inda zai ɓoye kuɗinsa daga faɗuwar naira ya sayi gwal ko azurfa da awo a hannun wanda ya sani.

Yaya zan gane ta hukuma ce ko ta ƙage kafin in biya?

Tambaya ɗaya: wa ya fitar da ita? In ta hukuma ce, mai sayarwa zai ambaci gwamnatin yankin da masana'antar da ta buga ba tare da kwana-kwana ba. In ya tsaya a kan "ba ta da yawa" da "ta musamman ce", ka gane. Duba kuma irin kuɗin da aka rubuta. Kerguelen yuro take amfani da shi kamar Faransa, saboda haka faran mai shekarar bayan 2002 ƙage ne. Yankunan Birtaniya da na ambata fam ne da kan sarauta. A kundayen kamfanin Krause da masu tarawa suka daɗe suna dogaro da su, kuɗin hukuma na da lamba mai farawa da KM, na ƙage kuwa an ware musu kundi daban da lamba mai farawa da X. Shafin Numista ma, wanda kyauta ne, ya raba su, na ƙage suna sashen abubuwan da suka yi kama da kuɗi. Rubuta sunan tsibirin da shekarar, ka ga inda ta faɗo.

Kada kuma akwatin roba mai lambar kamfanin tantancewa ya ruɗe ka. Makin da suke bayarwa, daga 1 zuwa 70, lafiyar jikin kwandalar yake nunawa, ba ya mai da ta kuɗi.

A addini fa, ya halatta a saya a sayar?

Ni ba malami ba ne, amma ga wuraren da ya kamata a kai wa malami. Na farko bayani: mai sayarwa ya faɗi gaskiyar abin, cewa ado ne, ba kuɗi ba, kuma ruwan azurfa ne in haka ne. Hadisin wanda ya yi algus ba ya cikinmu kowa ya san shi. In an yi bayani mai saye ya yarda, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na biyu, in azurfa ce ko zinare na gaske, hukuncin musayarsu ya hau kanta, da sharaɗin hannu da hannu, kuma oda ta intanet da kaya ke isowa bayan makonni tana da magana a nan. Na uku zakka: nisabin azurfa giram 595 ne, wato kwandala mai oza ɗaya guda 19 da ɗan ɗori, na zinare giram 85. Wanda kuma ya tara su don sayarwa, kayan kasuwanci ne. Na huɗu hotunan masu rai, da kusan dukkansu ke ɗauke da su. Malamai na da bayani a kan wanda aka kafe don ado da wanda ke rufe a akwati.

In na ce duk da haka ina so, me zan lura da shi wajen oda?

Haɗa lissafin duka kafin ka danna: farashi, kuɗin aikawa, canjin dala na ranar, da abin da za a iya nema a kwastam. Sau da yawa aikawar ta fi kwandalar tsada, don haka gara abokai su haɗu su yi oda ɗaya. Zaɓi aikawa mai lambar bibiya, ka sa lambar wayar da ke aiki, don masu kawo saƙo a Samaru ko Tudun Wada ko cikin birni da waya suke nemo mutum, ba da lambar gida ba. Mai ɗan'uwa da ke karatu a waje ya fi kowa sauƙi, a saya a ajiye masa ya zo da ita hutu. Kada ka tura kuɗi kai tsaye asusun wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp kawai don ya nuna hoto mai kyau.

Yaya ake adana su a yanayinmu?

Kada a wanke, kada a goge da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe. Gogewa na barin ƙananan zane da ba sa fita, kuma in ruwan azurfa ne ma cire shi za ka yi. A riƙe ta ta gefe, don gumin yatsa na barin tabo. A bar ta cikin ƙoƙon robarta mai tauri. Leda mai laushi irin ta ajiye kati kan fitar da wani kore mai danƙo bayan an daɗe, musamman da zafin bazara. Da damina a sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, da hunturu kuma a rufe akwatin saboda ƙura.

Ina da tsoffin kuɗinmu na da, anini da kwabo mai huji. Su ma haka suke?

Sam. Waɗannan kuɗin gaskiya ne da kakanninmu suka biya haraji da su suka sayi goro. Aninin farko na 1907 da alminiyom aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila, da aka kafa a 1912, ita ta ci gaba da fitar da su, da taurarinsu mai tsini shida da rubutun Larabci. Akwai kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki a shekarar, alhali a Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba. Akwai kuma tsohuwar dalar azurfa ta Maria Theresa mai shekarar 1780, da mata ke ratayawa, wadda aka yi ta sake bugawa da wannan shekarar har bayan ƙarni biyu, don haka 1780 a jiki ba ya nufin a 1780 aka yi ta. A ganina mai son fara tarawa a Zariya ya fara da waɗannan, da sulallan 1973 da naira ta shigo, da na 1991 da na 2007. Suna cikin adakar kakanni, kuma a Kasuwar Kurmi ta Kano ana samu.

Amma miliyoyi aka buga su, yawancinsu ba su da tsada. Duk wanda ya kira ka ya ce akwai Bature mai sayen kwabo mai huji miliyan kaza, ko ya ce akwai jan sinadari a ciki, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista, irin damfarar nan ce da aka daɗe ana yi da tsohon keken ɗinki da dutsen guga. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa. In kuma abin da ke hannunka tsohon kayan tarihi ne sosai kana son fitar da shi waje, sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, tun da dokar 1979 ta hana fitar da irinsu haka kawai.